A Sauke Kayan Aiki Daga Bango: Akwati Kafinta Yake Buƙata

Duk wanda ya taɓa neman hoton shagon kafinta na zamani a YouTube ko Instagram ya san abin da za a nuna masa. Bango ne fari tas, an jera zarto da guduma da cizal kowanne a kan ƙugiyarsa, fitila tana haska su kamar sarƙoƙi a shagon 'yan gwal. Wannan hoto ya zauna a zukatan mutane har ya zama ma'aunin ƙwarewa. Ma'aikacin da ya tara 'yan kuɗi zai buɗe wa ƙaninsa shago, da injiniyan da ke taɓa aikin katako ranar Asabar, da jami'in da aka ɗora wa tsara cibiyar koyar da sana'a, duk tunaninsu ɗaya: a kafa allo mai huda-huda a bango, ko a sayo jan kabad na ƙarfe mai durowoyi irin na makanikai. A ƙaramin shago a Kano ko Zariya ko Maraɗi, duka biyun kuskure ne, kuma kuskure ne mai cin kuɗi. Abin da ya dace da kayan hannu na kafinta shi ne akwatin katako mai murfi da kwaɗo, wanda yanzu ake yi wa kallon tsohon yayi.

Maganar ta wuce ado. Kayan aiki su ne jarin kafinta, kuma galibinsu daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. A watan Mayu na 2023 dala ɗaya tana kusan Naira 460 a farashin hukuma. Cikin 2024 ta haura Naira 1,500. Kafintan da ya gaji tsohon filen ƙirar Stanley ko Record daga mahaifinsa, wato abin nan da ake kankare fuskar katako da shi har ta yi sumul, yana riƙe da kayan da in ya lalace da wuya ya iya mayar da irinsa. Abin da zai samu a kasuwa da kuɗin aljihunsa sau da yawa ƙarfe ne mai laushi da ke dakushewa kafin azahar. Inda kayan nan suke kwana shi ke yanke hukuncin ko za su kai ga ɗansa ko za su ƙare a hannun 'yan gwangwan.

Yadda tsatsa ke cin ƙarfe

Ƙarfen da ake ƙera cizal da zarto da bakin filen da shi yana ɗauke da sinadarin kabon mai yawa. Shi ne ke ba shi taurin riƙe kaifi, sai dai irin wannan ƙarfe ba ya jure ruwa. Tsatsa kuwa iska da ruwa kawai take buƙata, kuma ruwan ba sai an gan shi da ido ba. Idan danshin iska ya haura kusan kashi 60 cikin 100, wani siririn lulluɓi na ruwa yana kwanciya a kan ƙarfe, aikin tsatsa ya soma sauri. Ƙura da dusar katako suna ƙara ta'azzara lamarin, domin suna zuƙar danshi su riƙe shi a jikin ƙarfen, kamar jiƙaƙƙen tsumma da aka manta a kan wuƙa.

Sai a dubi shekarar Arewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, mai yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda masana ke lissafawa a sahun gaba cikin wuraren da suka fi tayar da ƙura a duniya. Ƙurar tana shiga ko'ina, balle rumfar da gabanta a buɗe yake. Sannan damina ta sauka, a watan Agusta iska ta cika da laima, da asuba komai ya yi sanyi da raɓa. Bango ba ya kare kaya daga ko ɗaya cikin biyun. Da rani yana tara musu ƙura, da damina ƙurar ta sha ruwa.

Ɓarnar da ta fi muni ita ce wadda ba ta cika fitowa fili ba. Jan tabo a gefen zarto ana iya goge shi. Amma idan tsatsa ta haƙa ƙananan ramuka a bayan cizal ko bayan bakin filen, an shiga uku. Kaifi yana samuwa ne a inda fuskoki biyu masu sulɓi suka haɗu, don haka duk lokacin da washi ya iso kan rami, sai bakin ya fito da giɓi, giɓin kuma ya bar zane a fuskar katako. Maganinsa sai a ci gaba da cinye ƙarfen a dutse har a wuce wurin. Kafinta yana asarar sa'o'in aiki, cizal kuma yana gajarcewa.

To, me ya sa bango bai cutar da masu bidiyon Amurka da Turai ba? Yawancinsu suna aiki ne a rufaffen gareji ko ɗakin ƙasa mai tagar gilashi, da na'urar zuƙe ƙura, wasu har da na'urar rage danshi da ke aiki dare da rana a kan wutar da ba ta ɗaukewa. Ban da haka, bangon yana da wani amfani a gare su: shi ne abin da kyamara ke ɗauka a bayansu, kuma da yawa daga cikinsu kamfanonin kayan aiki ne ke ɗaukar nauyinsu. Allon mai huda-huda shi ne dai wanda shaguna ke baje haja a kansa don mai saye ya gani. Wanda ya kwafo shi zuwa rumfar kwano a bakin titi ya yi wa rogo kallon kitse. Allon ma kansa matsattsen garin katako ne, in ya sha laima sai ya kumbura ya lanƙwashe, ƙugiyoyin su riƙa faɗowa tare da abin da suke ɗauke da shi.

Jan kabad na makanikai

Wasu da suka gane illar bango sai su koma ga kabad na ƙarfe, suna ganin shi ne ci gaba. An ƙera shi ne don sifana da makamantanta: gajerun kaya masu rufin kurom da ba su da kaifin da zai lalace in sun gogi juna. Durowoyinsa ba su da zurfi, babban filen ba ya tsayuwa a ciki, dogon zarto kuma ba ya shiga. Duk jan durowa da turawa, cizal yana gungurawa ya bugi ɗan'uwansa ko bangon ƙarfe. Layukan da durowa ke gudu a kansu suna da ƙananan ƙwallaye da maiƙo, ƙura da dusar katako kuwa ba su da abin da suke so kamar maiƙo.

Akwai kuma batun zafi da sanyi. Ƙarfe yana ɗaukar zafi da sauri, yana sakinsa da sauri. A ƙarƙashin rufin kwano kabad zai gasu da rana, ya huce cikin dare, da safe iska mai ɗumi da laima ta taɓa ƙarfe mai sanyi, ruwa ya kwanta, kamar yadda yake kwanciya a jikin kwalbar lemo da aka ciro daga firji. Bayan wannan duka, akwai abin kunya a lamarin: mutumin da sana'arsa haɗa akwati da kabad ya ɗauki kuɗin da ya isa sayen cizal masu kyau ya sayo akwatin da wani ya ƙera a wata ƙasa.

Katako yana yin akasin haka. Ba ya saurin ɗaukar zafi ko sanyi, saboda haka abin da ke cikinsa yana sauya yanayi a hankali, ruwa bai cika samun damar kwanciya ba. Busasshen katako yana zuƙar danshi in ya yi yawa, ya sake shi in iska ta bushe, sai ɗan sararin da ke cikin akwatin ya fi na waje daidaito. Murfi mai leɓe da ke sauka ya rufe bakin akwatin yana tare ƙura. Bakin cizal kuma in ya taɓa katako ba abin da ke samunsa.

Abin da masu sana'a suka daɗe da sani

Wannan ba sabon ilimi ba ne. A 1936 wani manomi yana huɗa a tsibirin Gotland na ƙasar Suwidin ya tono akwatin katako mai tsawon kusan santimita 90, naɗe da sarƙa, yana da makulli. A ciki da kewayensa an samu abubuwa sama da 200, har da kayan ƙira da na sassaƙa, na wani mai sana'a da ya rayu kimanin shekara dubu da suka wuce. Ana kiransa akwatin Mastermyr. A Ingila, a Disambar 1796, wani kafinta mai suna Joseph Seaton ya sayo wa ɗansa Benjamin cikakken kayan aiki daga shagon Christopher Gabriel a Landan, ɗan kuma ya haɗa musu akwati a farkon 1797. Akwatin da kayan suna nan a gidan tarihi na Guildhall da ke Rochester. Gaskiya ne ba a yi aiki da su sosai ba, wannan ya taimaka, amma ƙarfen da ba a aiki da shi ma yana tsatsa, kuma waɗannan sun yi sama da shekara 200 a ƙasa mai ruwan sama da hazo. A Japan, ƙasar da ke da nata lokacin damina mai tsananin laima, kafintocin gargajiya sun tsaya a kan akwati mafi sauƙi: 'yan allunan katako mara nauyi da aka haɗa da ƙusa, murfinsa yana zamewa ya maƙale ba tare da hinji ba, a saɓa shi a kafaɗa a tafi wurin aiki. Mutanen da ƙarnuka da tekuna suka raba sun iso ga amsa ɗaya, domin matsalarsu ɗaya ce.

Masu son baje koli suna da nasu gwarzon. Henry O. Studley, wanda ya yi aikin haɗa kayan kiɗa na fiyano a yankin Boston a Amurka kuma ya rasu a 1925, ya ƙera wani kabad na rataya da katakai masu tsada da hauren giwa, ya cusa kayan aiki sama da 200 a cikin sararin da bai wuce mita ɗaya tsawo da rabin mita faɗi ba in an rufe. Hotonsa ya zagaya duniya, kuma ya cancanci yabo. Amma abu biyu ake mantawa. Na farko, kabad ɗin Studley yana rufuwa kamar littafi, wato shi ma bai bar kayansa a sarari ba. Na biyu, kowane gurbi a cikinsa an yanka shi daidai da abu ɗaya tak, a hawa-hawa, wani sai an ɗaga wani kafin a kai gare shi. Kafintan da zartonsa ya karye ya sayo wani mai siffa dabam, tsarin ya rushe. Abin kallo ne, kuma ya kamata a bar shi a matsayin abin kallo.

Wani marubuci kuma kafinta ɗan Amurka, Christopher Schwarz, ya farfaɗo da wannan muhawara da littafinsa The Anarchist's Tool Chest a 2011. Hujjarsa mafi ƙarfi ba ta tsatsa ba ce ma. Ya nuna cewa kayan hannu masu inganci da ba su kai 50 ba sun isa a haɗa kusan kowane irin kayan ɗaki, kuma akwati yana tilasta wa mai shi ya tsaya a kan wannan iyaka. Bango kullum yana da sauran wuri, kowace huda da ba kowa a cikinta tana roƙon a sayo wani abu. Akwati in ya cika ya cika, sabon abu ba ya shiga sai wani ya fita. In wannan darasi ya yi amfani ga Ba'amurken da kuɗi suka yi wa yawa, ya fi amfani ga wanda jarinsa ƙanƙane ne, wanda ya kamata ya mallaki cizal huɗu na ƙwarai maimakon goma sha biyu na araha. Araha dai ba ta ado.

Hujjojin masu bango

Masu bango suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Sun ce akwati yana cin fili a ƙasa, shago kuma ƙarami ne. Akwatin da ya ishi kafinta ɗaya bai wuce inci 40 a tsawo da inci 24 a faɗi ba, kuma murfinsa kujera ne, wurin ɗora katako a yanka ne. Inda fili ya yi ƙaranci sosai, akwai wanda ake kira akwatin Holan: tsaye yake, fitowarsa daga bango kamar ƙafa ɗaya, murfinsa a karkace, gabansa yana cirewa. Karkacewar murfin ma dabara ce, domin ba wanda zai jibga masa gwangwanin fenti ko kwanon abinci.

Sun ce sunkuyo yana gajiyar da baya, abin da ke bango kuwa hannu kawai za a miƙa. Wannan ita ce hujjarsu mafi nauyi, amsarta kuma ita ce a bambanta wurin aiki da wurin kwana. Da safe kafinta ya fito da abin da aikin ranar yake buƙata, ya jera a kan siririn katako mai ramuka a bayan benci. Zane-zanen littafin André Roubo na Faransa, wanda ya fito tsakanin 1769 da 1775, suna nuna irin wannan jeri a shagon kafinta. Da yamma a goge kowanne a mayar. Guduma da abubuwan matse katako da dogayen sandunan awo, waɗanda ba su da kaifi, su zauna a bango abinsu. Abin da ke yanka shi ke shiga akwati.

Sun ce a bango da kallo ɗaya ake gane abin da ya ɓata. Haka ne, amma kallo ɗayan nan ya ishi mai wucewa ma ya gane abin da zai ɗauka. Shagon kafinta a kasuwa ba masana'anta ba ce mai mai gadi a ƙofa. Abokan hira suna zama, yara suna shiga, maƙwabci yana leƙowa aron zarto na minti biyar da ke zama mako biyu. Abin da ke rataye a fili yana da wuyar hanawa a al'adar da ke ganin rowa a matsayin abin kunya. Abin da ke cikin akwati kuwa sai an tambaya, mai shi kuma ya san wanda ya ba. Ƙirgar yamma, lokacin mayar da kaya gurabensu, ita ce ke tona abin da bai dawo ba tun ana iya bin sawunsa.

Sun ce gara za ta ci akwatin. Za ta ci, in an ajiye shi a kan ƙasa an jingina shi da bangon laka an manta. Tsofaffin kafintocin Ingila sun yi fama da jiƙaƙƙen daɓe, sai suka riƙa buga ƙasan akwati da ƙusa kawai don a iya sauya shi, su kuma sa sanduna biyu a ƙarƙashi waɗanda za su fara ruɓewa a madadinsa. Dabarar tana aiki a nan. A ɗaga shi a kan sanduna ko tayoyi, a bar tazara tsakaninsa da bango, a shafe wajensa da fenti, a riƙa jan shi ana sharewa.

Akwatin da ya dace

Haɗa shi bai fi ƙarfin ɗan koyon da ya yi shekara biyu a shago ba. Katako mara nauyi ake so, irin su obece ko malaina, domin kayan da za a zuba sun riga sun yi nauyi. Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne ya bushe. Katakon da aka ɗauko daga 'Yan Katako a Na'ibawa ko wata kasuwa sau da yawa yana da sauran ruwa a jikinsa, in an haɗa akwati da shi an kulle kaya ne tare da maƙiyinsu. A jera shi a inuwa da tazara tsakanin alluna har ya sha iska sosai. Wanda ya haɗa nasa da hunturu ya bar wa tire-tiren ciki 'yar sarari, domin za su kumbura da damina su ƙi motsi. Murfi kuma a yi shi da firam da allo a tsakiya wanda zai iya motsawa, kada ya tsage.

A ciki, filen su zauna a ƙasa, zarto su tsaya a cikin tsagogi a gaba haƙoransu ba sa taɓa komai, cizal su rataya a jikin katako mai ramuka bakinsu yana kallon ƙasa. A sama a sa tire biyu ko uku masu zamewa gaba da baya don ƙananan kaya. Kada a yanka wa kowane abu gurbin da ya yi daidai da siffarsa, domin kaya suna sauyawa. Kada kuma a naɗe ƙarfe a fata a bar shi watanni. Dukawa sun daɗe da sanin cewa ƙarfe in ya haɗu da fatar da aka jeme da bagaruwa a cikin danshi baƙi yake haifarwa, da haka ma suke rina fata. Abin da ya zama rini a wurinsu tabo ne a jikin cizal. Tsumma ɗaya mai ɗan man keken ɗinki ya zauna a cikin gwangwani a kusurwa, a shafi kowane ƙarfe da shi kafin ya kwanta, domin gumin hannu yana da gishiri. Man gyaɗa bai dace ba, yana daɗewa ya yi danƙo.

Saura magana ga masu riƙe da kuɗi da alƙalami. An saba ganin bikin yaye matasan da suka koyi sana'a, a miƙa wa kowa zarto da guduma da filen a cikin buhu ko kwali, a ɗauki hoto, a watse. Kayan da suka fita a buhu a buhu za su ci gaba da kwana, haƙoran zarto suna gogar bakin filen, har damina ta ƙarasa abin da ya rage. A tsohuwar al'adar kafintocin Ingila, akwatin da matashi ya haɗa wa kansa shi ne shaidar da sabon maigida ke dubawa kafin ya ɗauke shi aiki. Babu abin da ya hana cibiyoyin koyar da sana'a da kwalejojin fasaha su mayar da wannan jarrabawarsu ta ƙarshe: a ba ɗalibi katako da hinji da kwaɗo, ya haɗa akwatinsa, malamai su duba ko kusurwoyi sun daidaita, ko murfi ya zauna, ko tire yana zamewa, sannan a zuba masa kayan a ciki. Wanda kuma zai buɗe wa ɗan'uwansa shago ya rage kuɗin fenti da fitilar bango, ya sa a fara da wannan akwati tun kafin a karɓi aikin kowa.